Abin da Ke Ƙarƙashin Notin Baba

Tun ranar sunan ɗiyar Balkisu nake son in zauna in rubuta muku wannan. Ina bayan labule ina gyara wa jaririya zane, sai na ji wata daga cikin matan dangi tana nuna ni ga wata baƙuwa, tana dariya.

"Ai wagga ita ta Kulu mai kwamfuta, wadda tas sauke ubanta daga maƙera."

Baƙuwar ta yi dariya, ni ma na taya su, don na saba. Amma na ga ke Balkisu kin sunkuyar da kai, sai na gane kun tashi da wannan magana a kunne, kuna jin kunyarta, kuma babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata a cikinku. To ga shi zan faɗa muku da kaina, kafin mantuwa ta fara gyara mini labarin yadda take so.

Gidanmu na Wurno gidan maƙera ne tun kakanni. Ni na buɗe ido na tarar da Baba yana ƙera garma da kalme da lauje, amma da aka datse ruwa a Goronyo, noman rani ya kankama, sai aikin ya sake kama. Magudanai suka ratsa fadama, kowane magudani kuma yana son ƙofar ƙarfe da za a ɗaga ruwa ya shiga, a sauke ya tsaya. Yayana Altine, kawunku, ya je Sakkwato ya koyo walda, ya dawo da janareto mai ƙarar tsiya, shi ke yanka ƙarfe yana haɗa jikin ƙofar. Baba kuwa ya riƙe abu guda, wato notin da ke zaune a saman ƙofar, wanda doguwar sanda mai zare ke ratsawa ta cikinsa. In ka juya keken hannu, notin ne ke ɗauke da nauyin ƙofar duka. Baba zuba shi yake yi da tagulla da wasu ƙarafa da yake haɗawa, kuma notinsa ba ya tsatsa, ba ya cijewa, ko da ƙofar ta shekara cikin laka. Manoman albasa da tafarnuwa tun daga Marnona har Shinaka sun san shi. In mutum ya zo sayen ƙofa, kafin ya duba walda sai ya tambaya ko notin na tsoho ne.

A gidanmu akwai al'adar da ba a taɓa karyawa ba. Haɗin zubi mutum ɗaya ne ke riƙe da shi a lokaci guda. Uba ba ya faɗa wa ɗansa sai ranar da ya shirya barin aiki, kuma ranar da ya faɗa, ranar yake miƙa masaba, ba ya sake zama gaban wuta. Haka kakana ya yi wa Baba. 'Ya mace kuwa ba ta cikin lissafin, iyakarta ta kawo fura bakin maƙera ta juya. Ni ban taɓa jin haushin wannan ba, don zafin maƙera bai taɓa ba ni sha'awa ba. Baba ya sa ni boko, na yi aikin sito a ƙaramar hukuma a Rabah shekaru da dama, can na koyi taɓa kwamfuta, har aka mayar da babanku koyarwa Wurno muka dawo gida.

A shekarar da nake ba ku labari, ofishin ruwa ya tashi sake ƙofofin wani yanki na magudanai, aka ba maƙerarmu guda sittin. Ba mu taɓa yin fiye da shida a shekara ba. Inna ta yi guɗa a tsakar gida har awaki suka watse. Amma aikin ya zo da sharaɗi. Ofis ne zai sayo ƙarfen da kansa ya kawo mana a mota, saboda haka suna son cikakken jerin kayan da ke cikin kowace ƙofa, kuma ba na biro da takarda ba, sai wanda aka fitar daga manhajar lissafi irin tasu. Injiniyan da ke kula da aikin, wani dogon mutum mai haƙuri, shi ya sa aka ɗora mana manhajar a kan wata tsohuwar kwamfuta da Yaya Altine ya sayo. Aka share mini ɗakin da ake ajiye gawayi, aka sa tebur, na zama ma'aikaciyar maƙera ta farko mai ɗaurin kallabi. Wutar kwamfutar daga janareton walda take zuwa, saboda haka duk sa'ad da Yaya ya ɗosa sandar waldarsa a jikin ƙarfe, sai allon ya yi ƙifta ya mutu da duk abin da na rubuta. Sati biyu muna faɗa ta taga kafin muka yi sulhu, ni daga safe zuwa hantsi, shi daga hantsi zuwa la'asar.

Bari in bayyana muku yadda abin yake, don sai kun gane shi za ku gane sauran. Manhajar ba ta yarda ka zuba mata kaya a tuli ɗaya ba. Tana son kowane abu da abin da ke ƙarƙashinsa, hawa hawa. Ni na riƙa kiransu uwa da 'ya'ya da jikoki. Ƙofa ita ce uwa. 'Ya'yanta uku, firam ɗin da ake kafewa cikin siminti, farantin da ke tare ruwa, da abin da muke kira wuya, wato wurin ɗagawa. Kowanne a cikinsu yana da nasa 'ya'yan. Firam yana da ƙarfe mai kwana tsawon kaza da sandar walda kaza. Wuya yana da sanda mai zare, da keken hannu, da noti. Keken hannu ma yana da nasa ƙananan a ƙarƙashi. In ka cika kowane hawa daidai, sai ka ce mata sittin, ita kuma ta sauka har ƙasa ta ninka komai, ta fito maka da abin da za a sayo gaba ɗaya. In ka canja abu guda a ƙasa, sama duka sai ta motsa. Gaskiya abin ya burge ni, don irin aikin da nake kwana uku ina yi a Rabah ne take gamawa kafin in kurɓi ruwa.

Wahalar tana wajen fitar da jerin daga bakin Yaya Altine. Shi bai san mita ba, kamu da taƙi ya sani, kuma kamunsa ya fi na kowa tsawo a unguwar.

"Yaya, ƙarhen firam nawa ka shiga ƙohwa guda?"

"Kamu takwas da ɗan abu."

"Ɗan abun nawa na?"

"Ɗan abu dai, Kulu. Ke ba ki san ɗan abu ba?"

Sai na ɗauko tef ɗin telan da nake auna muku kayan salla, na riƙa bin sa ina auna duk abin da ya yanka kafin ya haɗa. Har hannunsa na auna, daga gwiwa zuwa ɗan yatsa, yana tsaye yana tsaki, abokan aikinsa suna tambayarsa ko riga za a ɗinka masa. A haka muka cika hawa na ɗaya da na biyu, muka cika na uku, sai layi guda ya rage babu komai a ƙarƙashinsa. Layin noti ke nan.

Na san ba zan tambayi Baba ba. Ofis zai sayo kowane ƙarfe da sunansa da nauyinsa, kuma duk wanda ya iya raba lissafi gida sittin ya san haɗin gidanmu ke nan. Ba kuma zai yiwu takarda ta sani ɗan gado bai sani ba. A da Baba yakan tara tsofaffin famfuna da guntayen tagulla sannu a hankali, su ishe shi noti biyar ko shida, amma na sittin babu inda zai samo su cikin wata biyu. Sai na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. A manhajar kowane abu ko dai ka ce ana ƙera shi a gida, ko ka ce sayowa ake yi. In ka ce ana ƙerawa, sai ta nace sai ka faɗi abin da ke ƙarƙashi. Ni kuwa don ta rufe mini baki na danna sayowa, da niyyar in yi wa Injiniya bayani daga baya. Na fitar da takarda, Yaya ya kai, na manta da bayanin sarai.

Motar farko ta iso ranar wata Laraba. Aka sauke ƙarafa, komai daidai har sandar walda, Yaya yana ta duba takarda yana duba kaya kamar ya iya karatu. Daga ƙarshe direba ya jawo wani buhu mai nauyi ya zazzage a gaban maƙera. Notuna sittin ne na kamfani, na baƙin ƙarfe, suna ta ƙyalli da mai. Baba yana zaune a kan buzunsa. Ya miƙa hannu aka ba shi guda, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera ya saurara.

"Wa yac ce a kawo wanga?"

Yaya ya nuna ɗakin gawayi da haɓa. Na fito ina gyara mayafi.

"Baba, kuskure na. Akwatin ce tat tambaye ni, ni ko..."

"A'a, ba ta yi laihi ba. Abin ga yana da kyau ƙwarai. A ba innarku ta riƙa danne murhin tukunya da shi."

Kowa ya fashe da dariya ban da ni. Inna kuwa da gaske ta ɗauki guda biyu, kuma har ta rasu da su take danne faifai in iska ta taso. Injiniya ya ce tunda an riga an sayo, a gwada. Aka ɗaura ɗaya a wata tsohuwar ƙofa a bakin magudanin da ke da ruwa. Kwana goma aka koma, maza biyu suka kama keken suna nishi, ya ƙi motsi. Mai gonar da ke wurin ya ce in irin wannan za a sa musu, gara a bar su da buhunan yashinsu. Injiniya ya zo ya same ni a ɗakin gawayi ya yi mini magana a hankali.

"Malama, ni ma na tsoho nike so. Amma mota sau guda ta rage ta tahi sayen ƙarhe, ran Asabar ta sama. Abin da ba ya cikin takarda ba shi shiga mota. Ranar sakin ruwa kuma ba ni na aza ta ba, ba ni iya ɗaga ta. In babu jerin, sai mu sa na kamfani mu riƙa zuba mai muna addu'a."

Manoma sun riga sun yi gyaran fangali, irin albasa ya tsiro yana jiran dashe. Kwana tara ke gare mu.

Inna na fara samu, tana tankaɗe a gindin darbejiya. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba.

"Shekara arba'in da wani abu ina gidan ga, ban san abin da ka shiga tukunyar zubin ga ba, kuma ban rame ba. Ke ko daga zuwa da akwatinki."

"Inna, ba ni ka so ba, aikin na."

"To tahi ki hwaɗa mai haka nan. Amma ki bari sai ya ci tuwo."

Na bari ya ci tuwon rana, na durƙusa daga nesa na yi masa bayanin uwa da 'ya'ya da jikoki. Ya saurara da kyau, har ya yi tambaya ko akwatin tana sanin jikan da ya yi kama da kakansa. Sannan ya ce in ɗauko biro. Na ɗauka yau ce ranar. Ya fara lissafawa. Gawayin kirya, buhu kaza. Laka daga bakin gulbi, kwando kaza. Kakin zuma. Kashin jaki busasshe da ake cuɗa lakar da shi. Goro ƙwarya guda na sadaka, don ba a kunna wutar zubi a gidanmu sai an raba goro. Daga nan ya ce shi ke nan abin da ya tuna. Ƙarfe ko ɗaya bai ambata ba.

Na je na zuba su ƙarƙashin noti yadda ya faɗa, na danna sittin, na aika wa Injiniya don ya ga dai ana motsi. Washegari sai ga shi a kan babur, yana dariya tun kafin ya kashe injin. Ashe goron da ake rabawa sau ɗaya a zubi, ni na sa shi a kan kowane noti, manhaja kuwa ba ta san wasa ba, ta ninka. Takardarmu ta isa ofis tana neman goro ƙwarya sittin da kashin jaki cike da mota.

"Malama, maigidana yana tambaya, ƙohohi za ku yi ko aure za ku ɗaura ma Wurno duka?"

Shi ya nuna mini inda ake sa abin da ake bukata sau ɗaya ga dukan zubi, daban da wanda ake bukata ga kowane guda. Labarin goron ya zaga gari kafin magariba. Baba ya fi kowa jin daɗinsa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sa an sake ba shi. Amma dariya ba ta cika layin ba, kwana kuma yana tafiya. Yaya Altine ya daina cin abinci sosai. Shi bai taɓa neman gadon da bakinsa ba, kuma yana tsoron a ce shi ya turo ni. In mun haɗu a zaure sai ya kau da kai. Ni kuma na fara jin na tsani kwamfutar nan da teburinta, na yi da na sanin barin Rabah.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana biyu mota ta tashi, na ji janareto ya mutu ba lokacinsa ba. Na leƙa ta taga. Baba ya sallami kowa daga maƙera, ya kama hannun Yaya suka zaga bayan bango inda ake tara toka. Ba su fi rabin sa'a ba. Da suka fito, Baba ya ɗauki masabarsa, wadda ƙotarta ta lotsa daidai yatsunsa, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ya naɗe buzunsa ya rataya a kafaɗa, ya wuce cikin gida yana tambayar Inna ko akwai sauran kunu. Yaya ya rungume masabar a ƙirjinsa. Sannan ya tada janareto, ya shigo ɗakin gawayi, ya rufe ƙofa, idanunsa jawur.

"Rubuta."

Ya faɗi ƙarafa huɗu da awonsu, da ma'aunin gidanmu, wani ɗan dutse da ke rataye a maƙera wanda na ɗauka ado ne tun ina yarinya. Muka ɗora dutsen a sikelin mai shinkafa muka mayar da shi kilo. Ina bugawa hawaye na ɗiga a kan maɓallan. Abin da aka riƙe a ƙirji tun kakan kakana, layi huɗu ne a kan allo, bai ko cika rabin shafi ba. Na danna sittin, sama ta motsa, jan layin gargaɗin da manhaja ta ja a kan noti ya ɓace.

Mota ta tafi ta dawo da komai. Yaya ya yi zubin farko Baba yana zaune can nesa a ƙarƙashin darbejiya, bai tako ba, bai kuma yi gyara ba, sai da noti ya huce aka kai masa ya ƙwanƙwasa ya gyaɗa kai. Muka gama ƙofofi sittin saura kwana huɗu a saki ruwa. Ranar sakin muka cika mota har da Inna, muka tafi wajen Goronyo. Ruwa ya taho cikin babban magudani yana tura ciyayi a gabansa, yara na bin sa da gudu a kan gaɓa. Wata tsohuwa mai gonar albasa ta ce ita za ta fara buɗewa, ta kama keken da hannu ɗaya ta juya, ƙofa ta tashi babu ko ƙara. Aka yi ta sa wa Yaya albarka. An dafa shinkafa a bakin gona, Fulanin da ke mashaya suka kawo nono, Injiniya ya sayo goro ƙwarya guda ya damƙa mini a gaban jama'a ya ce saura hamsin da tara. Ban taɓa ganin albasa irin ta wannan shekara ba.

Daga nan ne maganar ta fara fita, cewa Kulu da akwatinta sun sauke tsoho da sauran ƙarfinsa. Gwaggonnina suka daina amsa gaisuwata da fara'a. Ni ma na yarda da su, don kullum na wuce na gan shi zaune yana kallon hayaƙin maƙera daga nesa, sai in ƙara ganin laifina.

Bayan wata uku ofis ya kira masu riƙe da irin wannan manhaja zuwa Sakkwato a ƙara mana ilimi. A rana ta biyu mai koyarwar ya nuna wani gurbi da ban taɓa lura da shi ba. Gurbin kayan da mai sana'a ke zaɓowa da kansa ne. Nauyin duka kawai ake sawa, ba a rarrabe komai a ƙarƙashi, manhaja kuma ta karɓa ba gardama. Ko Injiniya bai san da shi ba. Da na sani, da na rubuta nauyin tagulla a dunƙule, Baba ya bi mota ya zaɓo abinsa, ba wanda ya ji sirrinsa. Ban ji sauran karatun ranar ba. A motar dawowa na yi ta shawara da raina ko in binne maganar, amma na san ba zan iya kallon idonsa da ita a cikina ba.

Na same shi da la'asar shi kaɗai, Inna ta tafi barka. Na durƙusa na faɗa masa duka, na ce jahilcina ne ya raba shi da wutarsa, ya yafe mini. Ya bar ni na gama kukana. Sannan ya yi dariya, irin wadda yake yi in mai saye ya taya garma da arha.

"Kulu, ke kina ganin sai akwati ta koya min ɓoyo? In da na so, sai in ce a kawo goma inda nike biɗar bakwai, a kawo biyar inda nike biɗar biyu, in ƙara da wani ƙarhen da ba shi shiga ko kusa. Su raba gida sittin su ga abin da za su samu. Tun ran da kiz zo min da biro nis san wagga dabara."

Na ɗago ina kallonsa.

"To Baba, don mi ba ka yi ba?"

"Miƙo min kwanon ga."

Kwanon ruwa ne cike, na miƙa masa. Ya karɓa da hannun dama shi kaɗai, ya ɗaga shi a gabana. Ruwan ya fara rawa, ya fantsala a kan yatsunsa, ya zuba a kan buzu. Ya sa hannun hagu ya tallafe, sannan ya ajiye. Sai a lokacin na tuna na daɗe ban ga ya sha abu da hannu ɗaya ba.

"Damina biyu ke nan. Zubin bara sai da nib ɓata ukku kahin in samu guda, ina turbuɗe su cikin toka kar a gani. Tagulla narkakka ba ta san tsoho ba, wata rana ƙahwar wani za ta zuba. Ina ta biɗar hanyar sauka ban samu ba, sai ga ki da akwatinki." Ya goge hannunsa a jikin riga. "Gara a ce ɗiyata ta sauke ni da a ce hannu ya sauke ni. Ɗiya tawa ta, in ta yi min ƙarhi abin alfahari na. Kina iya ɗaukar min wagga magana?"

Na ce ina iyawa.

"Za su zage ki."

"Sun riga sun hwara, Baba."

"To ki bar su. In na kau, ki yi yadda kika ga dama."

Shekara tara ya yi bayan wannan rana, yana zaune a gindin darbejiya yana karɓar gaisuwa, manoma na kawo masa albasar fari, ana cewa tsoho da sauransa, zamani ne kawai ya yi masa shigar sauri. In baƙo ya zo sai ya kira ni da ƙarfi ya ce ga wadda ta kore shi, ni kuma in ce ai ya daɗe yana tare wa mutane wuri, a yi dariya. Duk abin da zai sha ni nake kawo masa, kuma ba na cika kwanon, rabi nake zubawa. Har ya koma ga Allah babu wanda ya taɓa ganin ruwa ya zube a hannunsa.